Ina Za A Kai Yaro Ya Koyo Aikin Injiniya?

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa da 'yan kasuwa, musamman na Gyadi-Gyadi da Tarauni da Unguwa Uku da Darmanawa, kowace shekara in lokacin cika takardar JAMB ya zo, magana ɗaya ce ke ta da ƙura a rumfuna da ƙofar gidaje. Yaro ya ce shi injiniya yake so ya zama, to wace jami'a za a rubuta masa? Wannan ya ce Zariya, don ita ce uwa. Wancan ya ce Bayero, don tana gida. Wani ya ce Wudil. Sa'an nan ga dillali a gefe yana raɗa wa uba a kunne cewa akwai wata a ƙetare wadda ba ta da wahala. Yawancin masu gardamar nan cinikin biri a sama suke yi, suna kawai suka ji. Alhali kuwa ɗan kasuwar da ya je Dawanau ba ya biyan kuɗin buhu sai ya ga abin da ke tsakiyarsa. Don me za a zuba shekara biyar na rayuwar yaro da gumin gida duka a kan jita-jita?

Abu na fari da muke so kowa ya gane shi ne sashe ke koyar da yaro. Jami'a gari ce guda. A cikinta akwai sashen injiniyan gine-gine da hanyoyi, da na lantarki, da na injuna, da na sinadarai, da na aikin gona, kowanne da malamansa da kayan aikinsa. Yana yiwuwa a jami'a ɗaya wannan sashe ya zama ƙaƙƙarfa, na kusa da shi kuwa ya zama kango. Hukuma biyu ke bin sassan nan ɗaya bayan ɗaya suna dubawa. Ta fari ita ce Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, wadda kan ba sashe cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana shi ɗungum, in kuwa ta hana, ba shi da ikon ɗaukar sababbin ɗalibai. Ta biyu ita ce COREN, majalisar da aka kafa da doka a 1970 domin ta riƙe rajistar injiniyoyin ƙasar nan. Wanda ya fito daga sashen da COREN ba ta amince da shi ba, zai sha wuya kafin sunansa ya shiga rajista. Wanda ba ya cikin rajista kuwa, doka ba ta san shi da sunan injiniya ba, ba shi da hatimin da zai buga a kan zanen gini ko na gada, ko da 'yan unguwa sun shekara goma suna kiransa Injiniya. Amincewar nan kuma tana da wa'adi, takan ƙare a sake dubawa. Saboda haka tambayar da uba zai yi ita ce, sashen nan da ɗana zai shiga, yana da amincewar hukumomin nan biyu a bana? Kada ya yarda da "an ce". Ya ce a nuna masa a rubuce.

To, bari mu duba ukun da ke kusa da mu.

Jami'ar Ahmadu Bello an buɗe ta ran 4 ga Oktoba 1962, amma tun kafin nan ana koyar da aikin injiniya a Samaru, a babbar kwalejin da jami'ar ta gada. Tsufa ya ba ta abu biyu. Tana da rassa masu yawa, har da na sarrafa ƙarfe da na albarkatun ruwa, sa'an nan tsofaffin ɗalibanta sun cika ma'aikatu da kamfanoni ko'ina a ƙasar nan, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ran neman aiki. Amma Zariya ba Kano ba ce. Yaro zai ci daga aljihu safe da rana da dare, in bai sami ɗakin makaranta ba ya kama haya a Samaru, ga kuɗin mota kowane hutu.

Jami'ar Bayero ta faro ne a 1960 tana ƙaramar kwaleji, ta zauna ƙarƙashin Zariya da sunan Sarki Abdullahi Bayero, a 1977 ta zama jami'a mai cin gashin kanta. Sassan injiniyanta suna sabon mazauni, kan hanyar Gwarzo. Amfaninta a fili yake: yaro ya kwana ɗakinsa, ya ci tuwon gidansu, idon iyaye na kansa. Sai dai akwai tsadar da ba ta fitowa a takarda. Daga Gyadi-Gyadi sai ya ratsa gari har Kabuga, ya wuce Rijiyar Zaki, ya komo da yamma, kullum, kuma kowa ya san abin da kuɗin A Daidaita Sahu ya zama tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023. A ninka kuɗin yini ɗaya da kwanakin karatun shekara kafin a ce ta fi araha. Akwai kuma wata hasarar, wadda mu 'yan kasuwa muke jawowa da hannunmu. Muddin yaro yana gida, sai a ce je ka tsare mini rumfa, je ka karɓo kaya a Kwari, je ka kai ƙannenka asibiti. Karatun injiniya ba ya son haka. Da safe lacca, da rana ɗakin gwaje-gwaje, da dare lissafi da zane. Uban da ya zaɓi Bayero ya ƙudurta a ransa cewa ya yafe yaron daga rumfa, sai fa ran hutu.

Ta Wudil ta Jihar Kano ce, ta fara aiki a 2001, a 2022 aka sa mata sunan Aliko Ɗangote. Tana kimanin kilomita 40 daga nan, in an bi hanyar Maiduguri ta Hotoro. Muna jin wasu suna raina ta don yarinya ce. Wannan ba hujja ba ce. Don kimiyya da fasaha aka kafa ta, a auna sashenta da ma'aunin da aka auna na sauran, in ya cika a saya.

Sai maganar shiga, inda yara da yawa ke faɗuwa tun ba a fara kokawa ba. Jarrabawar JAMB ta mai neman injiniya Turanci ce da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, kuma tilas ya ci waɗannan da kyau a WAEC ko NECO. Jami'o'in Tarayya bisa ƙa'ida suna raba gurbi kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki, 35 ga 'yan yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilmin boko. Ɗan Kano yana da rabo a Zariya da Bayero duka. Amma jami'ar da ake rububinta ba ta cika waiwayar wanda ya sa ta a zaɓi na biyu ba. Yaron da makinsa tsaka-tsaki ne, ya kafe sai sashen da kowa ke so a jami'ar da kowa ke so, shi ne za ka gani baɗi yana sake sayen takarda. A dubi makin yaro da idon gaskiya. Wannan magana har da 'ya'ya mata, don lissafi bai san namiji ko mace ba.

Karatun shekara biyar ne a takarda. Mu dai shawararmu a yi tanadin shida. A 2020 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki daga Maris har Disamba, a 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur yara na zaune a gida. Wanda ƙarfinsa bai kai ba ya sani tun 2024 akwai asusun rancen ɗalibai na Tarayya, watau NELFUND, mai biyan kuɗin makarantun gwamnati ba tare da ruwa ba, ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Amma rance rance ne, a shige shi ido buɗe.

Yajin aikin nan shi ne jarin dillalan ƙetare. Ba mu ce duk karatun waje banza ne ba, akwai nagari, ga mai hali. Amma a tuna a ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami digiri a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, da shigowar Janairu 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Binin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. A tuna kuma da yaranmu da aka kwaso daga Sudan da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023, karatu ya tsaya a tsakiya. Duk wanda ya ce maka zai mai da ɗanka injiniya cikin shekara biyu, gidanka yake so ka sayar a banza. Gara yaro ya shiga Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano ya yi difiloma mai kyau, daga nan ya nemi shiga jami'a kai tsaye.

Wane reshe kuwa za a zaɓa? A dubi aikin da ke gabanmu. Madatsar Tiga tun 1974 take ba da ruwan noman rani a Kadawa, tana bukatar masu kula da ita. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, a 2021 aka aza harsashin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ga injinan casar shinkafa, ga wutar sola da ta hau rufin shaguna. In 'ya'yanmu ba su koyo ba, a kan idonmu za a kawo na wani wuri su yi aikin, namu su ɗauki kwanon siminti. A shekara ta huɗu kowane ɗalibi yakan fita wata shida koyon aiki a ma'aikata. Nan ɗan Kano ke da sa'a, don Sharaɗa da Challawa da Bompai, duk da masana'antun da suka mutu, har yanzu akwai masu hayaƙi.

Muna da kira ga hukuma. Sakamakon binciken NUC da na COREN da Turanci yake, a intanet, inda mai sai da tumatir a kasuwar Tarauni ba zai gan shi ba. Muna roƙon Ma'aikatar Ilmi mai zurfi ta Jiha da Ƙaramar Hukumar Tarauni su riƙa fitar da shi da Hausa kowace shekara kafin a fara sai da takardar JAMB, a karanta a rediyo, a manna a ƙofar kowace sakandare. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na fentin ofis ɗaya ba.

Kafin su yi, uba ya rufe rumfa yini ɗaya, ya ɗauki yaron su je da ƙafarsu. Su nemi a nuna musu ɗakin injuna, su ga ko injin yankan ƙarfe da na gwada ƙarfin kankare suna motsi ko ƙura ta rufe su. Sa'an nan su sami ɗalibin shekarar ƙarshe a gindin bishiya, inda malami ba ya ji, su tambaye shi mutum nawa ke ajinsu, sau nawa ya taɓa injin da hannunsa, da abin da ake yi in an ɗauke wuta.