Ra'ayinmu: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Ƴan'uwa makiyaya da ƴan kasuwar bisashe, tun daga farin 1973 da na 1984 har zuwa ƙarancin ciyawa na 2010, mutane da yawa daga cikinmu sun rasa garkensu, sun dawo bakin gari suna ɗan noma, suna turke rago biyu ko uku don su samu abin rufin asiri. Matasa da mata ma suna ta shiga wannan sana'a. Abin da ke damunmu shi ne, da yawa suna zuba ɗan jarinsu ba tare da lissafi ba, sai bayan salla mutum ya duba aljihu ya ga bai ma maida uwar kuɗi ba. Shawararmu ita ce: kafin a sayi bisa, a zauna a yi lissafi.

Mu ɗauki misali. Mutum ya sayi raguna 5, kowane jika 40, ke nan jika 200. Zai turke su kwana 100. In kowane rago yana cin harawa da dusa da gurya na dala 40 a yini, abincinsa ya kama jika 20, na biyar ɗin jika 100. A ƙara jika 5 a kan kowane, kuɗin ruwa da kanwa da magani da mota da la'adar dillali. Duka an kashe jika 325, wato kowane rago ya tsaya a kan jika 65. In aka saida su jika 80-80, riba jika 75 ce. Amma in ɗaya ya mutu, huɗun da suka rage za su kawo jika 320, an yi wahalar wata uku an kuma faɗi da jika 5. Waɗannan farashin misali ne kawai. Kowa ya sa na kasuwarsu. Amma wanda ya san ragonsa ya tsaya masa jika 65, ba wani mai daɗin baki da zai raba shi da shi a jika 60.

Abu na biyu shi ne lokaci. Sallar layya tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2015 ta faɗo ƙarshen watan Satumba, lokacin da ciyawa ke ko'ina. A 2025 kuwa ta faɗo farkon watan Yuni, a ƙarshen bazara, lokacin da harawa da dusa suka fi tsada. Saboda haka mai niyyar turke ragon layya a shekarun nan, da kaka ya kamata ya sayi abincinsa, ya ɗora harawa a kan rumfa, ya killace karan gonarsa. Wanda ya bari sai bazara, mai saida dusa zai yi wa kiwo.

Abu na uku shi ne kasuwa. Wa za ka saida wa, kuma a ina? Yawancin bisashen da ke tashi daga Abalak da Dakoro da Tanut, Najeriya suke nufa, ta Illela da Jibiya da Mai'aduwa. Mun ga yadda naira ta faɗi a 2016 da 2023, fatake suka rage saye don canji ba ya fidda su. Mun ga an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta daga 2023 zuwa 2024. Ƙaramin mai kiwo bai da iko a kan waɗannan abubuwa, amma yana da ikon kada ya jingina dukan jarinsa ga kasuwa guda ko rana guda. Ya san mahautan garinsu, ya san masu neman ragon suna, ya riƙa tambayar farashi a kasuwanni biyu ko uku kafin ya kora.

Abu na huɗu, a raba kuɗin sana'a da kuɗin cefane. Jari da yawa biki da baƙi ne suka cinye shi, ba cuta ba. A ware hatsin gida tun da kaka, don kada yunwa ta tilasta a saida rago bai ƙosa ba. Mun sani cewa da bazara hatsi ke hawa, bisa kuma ke faɗuwa, har abin da akuya ɗaya ke sayowa da kaka sai an haɗa biyu. A kuma ajiye wani abu gefe saboda rashin lafiya, a kai bisashe allurar rigakafi duk lokacin da ma'aikatan kiwo suka zagayo.

Ga masu son cin bashi, muna cewa a yi hattara. A tambayi nawa za a biya duka, kuma yaushe. Bashin da wa'adinsa zai cika kafin ranar kasuwarka, tarko ne. Gara a fara da rago biyu na kuɗin adashe, ko akuyar habbanaye, da a fara da goma na kuɗin mutane.

Wani zai ce bai yi boko ba, ina shi ina lissafi? Makiyayin da ya san saniya ɗari da kamanninsu da uwayensu ba zai kasa wannan ba. A sa ɗan makaranta ya rubuta a littafi, ko a rubuta da ajami: ranar saye, kuɗin saye, abin da aka kashe, abin da aka saida. Muna kira ga shugabannin rassa da su ware lokaci a taronsu na gaba, a zauna a yi wannan lissafi tare, da farashin kasuwar yankin, kafin kaka ta wuce.

Allah ya sa albarka a cikin dukiyarmu, ya ba mu damana mai kyau.