Bayan hotunan 8 ga Maris, sai me?

Duk ranar 8 ga Maris, shafukanku na Facebook da TikTok cika suke da hotuna. Ga Ngozi Okonjo-Iweala, mace ta farko da ta hau shugabancin Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 2021. Ga Amina Mohammed, mataimakiyar Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya. Madalla, sun cancanci yabo.

To amma ku leƙa Majalisar Dattawan Najeriya. Cikin kujeru 109, mata huɗu kacal zaɓen 2023 ya kai can. Huɗu fa! A Ruwanda kuwa mata sun haura kashi 60 cikin ɗari na majalisar wakilai, kuma ba sa'a ba ce: tsarin mulkinsu na 2003 ya ware musu aƙalla kashi 30.

Mu nan, ranar 1 ga Maris 2022 'yan majalisa suka yi fatali da ƙudirin ware wa mata kujeru, saura mako guda mu fara liƙa hotuna. Ƙudirin ya sake dawowa gabansu. Ɗan majalisar mazaɓarku ma ai yana da shafi. Ku je can ku tambaye shi ina ya dosa kan ƙudirin nan, ya ba ku amsa a bainar jama'a.