Tufka Da Warwara A Zauren Ƙofar Marusa

Mai karatu, na san ka saba da ganin hira a kan littafi da marubuta, to yau ka yi mini haƙuri, a kan wasan gem zan yi magana. Kada ka yi saurin tsaki ka wuce. Ni ma da farko raini na yi wa abin, sai da ya hana ni barci na kwana biyu sannan na yarda cewa akwai magana a cikinsa, kuma maganar ta shafe mu, mu masu karatu da rubutun littattafan soyayya, fiye da yadda ta shafi yaran da suke buga shi. Sannan ina gargaɗi tun yanzu, zan tona ƙarshen labarin, wanda bai son a ɓata masa sai ya dakata nan.

Ɗan yayata ne ya jawo abin. Yana da wata tsohuwar kwamfutar cinya ta hannu wadda batirinta ba ya kai minti arba'in, da ita yake tara abokansa a zauren gidanmu da ke Ƙofar Marusa bayan sallar isha'i. Yaran nan ba su san komai ba sai ƙwallo da dambe, domin abin da ake bugawa ke nan a gidajen gem na cikin birni, ka biya kuɗinka, a ba ka fad, janareta na ruri, wanda aka ci ya tashi. Wani dare na shigo na ji zauren tsit, babu ihu babu gardama. Su biyar sun yi jugum sun zuba wa wani ɗan mutum mai jar lakataye ido, ya tsaya a bakin rami. Na ce lafiya? Ya ce, "Kawu, awa guda ke nan muna neman yadda za mu ɗauko makullin can."

Sunan wasan Braid, wato kitso ko tufka. Wani Ba'amurke mai suna Jonathan Blow ne ya ƙirƙiro shi, ba tare da wani babban kamfani a bayansa ba. Shekara uku ya yi yana aikin, ya kashe kimanin dala 200,000 daga aljihunsa, wani mai zane David Hellman ya yi masa hotunan, waɗanda suka yi kama da zanen fenti na hannu. Ya fito a watan Agusta na 2008 a na'urar Xbox 360 kaɗai, sai a Afrilun 2009 aka fitar da na kwamfuta. Wannan na biyun shi ne ya iso mana, don ni dai a yawona na gidajen gem a Katsina PlayStation nake gani, amma tsohuwar kwamfuta ba ta wuyar samu, wasan kuma ba shi da nauyi.

A ido, kwaikwayon Mario ne: ka yi gudu, ka yi tsalle, ka taka kan dodo, ka isa fada a ce maka gimbiyar ba ta nan, tana wata fadar. Jarumin sunansa Tim, yana neman gimbiyar da wani dodo ya sace, an kuma shaida mana tun farko cewa ya yi mata wani kuskure. Bambancin shi ne a Braid ba a mutuwa. In ka faɗa rami, sai ka danne madanni guda, lokaci ya koma baya, ka taso daga ramin kamar ba a yi ba. Mu Hausawa mun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. To mutumin nan ya zauna ya gina duniyar da ƙeya take dawowa goshi, don ya ga me za ta haifar.

Kowace duniya da dokarta. A wata, akwai abubuwa masu ƙyallin kore da komawar lokaci ba ta shafarsu, in ka buɗe ƙofa mai irin wannan ƙyallin ta buɗu ke nan. A wata, lokaci yana bin ƙafarka ne, ka yi dama ya yi gaba, ka yi hagu ya koma baya, ka tsaya komai ya tsaya. A wata, in ka mayar da lokaci sai inuwarka ta maimaita abin da ka yi ɗazu, ku zama ku biyu kuna aiki tare. A wata kuma an ba ka zobe, duk inda ka ajiye shi lokaci yana jan ƙafa a kewayensa. Gutsattsarin hoto 60 ake nema, 12 a kowace duniya, sai ka haɗa su duka sannan a buɗe maka ɗakin ƙarshe. Wani abin lura, lissafin duniyoyin daga 2 ya fara zuwa 6, ta 1 ita ce ta ƙarshe. Duk wanda ya saba da littafin da ake buɗewa da tsakiyar labari, ya san an ɓoye wani abu a nan.

Rigimar farko da masu wasa suka yi da Blow a kan kuɗi ce. An sa wa wasan dala 15 a lokacin da aka saba sayen irinsa a dala 10, aka yi ta ƙorafi wai wasan da za a gama a 'yan awoyi bai kai haka ba. Da aka zo fitar da na kwamfuta aka fara ambaton dala 20, surutu ya yi yawa, ya sauko zuwa 15 kafin ma a fara sayarwa, ya kuma ƙara wa na kwamfutar hanyar da mutum zai gina nasa matakan. A 2009 dala tana wajen Naira 150, ke nan kuɗin ya ɗan haura Naira 2,000. A Disamban 2010 ma an saka shi cikin wani ƙunshi mai suna Humble Indie Bundle 2, inda mai saye ke biyan abin da ya ga dama.

A nan ba na tare da masu ƙorafin, kuma na san wannan ƙorafin tun kafin in san gem. Shi ne dai wanda ake yi wa marubutanmu: littafin ya yi siriri, kuɗin ya yi yawa. Awon aiki da kauri shi ya koya wa marubuta raba labarin da zai ƙare a shafi 120 zuwa na ɗaya da na biyu da na uku, a cika shi da lissafin kayan lefe da bayanin kujerun falo. Blow ya ƙi yin haka, kusan babu wata matsala a wasan da take maimaita 'yar'uwarta. Kuma kada in yi ta wa'azi da bakin da bai wanke ba, wanda ke kan kwamfutar zaurenmu a filas ya zo, ko kwabo ba a biya ba, kamar dai yadda littafin da marubuciya ta sa wa Naira 500 yake yawo kyauta a WhatsApp washegarin fitowarsa. Na yi wa yaron faɗa, ya ce, "Kawu, littattafan da ke wayarka fa?" Na yi shiru.

Rigima ta biyu ta fi daɗin ji. Wasan ya samu karɓuwa, an sayi kimanin 55,000 a makon farko, 'yan jarida suka yi ta yabo, amma mai shi bai ji daɗi ba. A wani fim na 2012 mai suna Indie Game: The Movie, ya bayyana cewa ya shiga ƙunci bayan fitowar wasan, don a ganinsa mutane suna yabon ɓawo ne sun bar ƙwaya. A fim ɗin har an nuna hoton mawaƙin nan Soulja Boy yana buga Braid tare da abokansa, suna ta ƙyaƙyata dariya yadda ɗan mutumin ke faɗawa rami yana dawowa, yana cewa wasan ba shi da wata manufa. Haka yaran zaurenmu suka yi a daren farko, in gaya maka gaskiya. Kafin kowace duniya akwai wasu littattafai da aka jera a kan gajimare, in ka tsaya gabansu sai rubutu ya fito. Ko ɗaya ba su tsaya sun karanta ba.

Na tausaya wa Blow, amma ban ba shi gaskiya duka ba. Rubutun da ke cikin littattafan nan yana da duhu da gangan, shi da kansa ya ambaci littafin Invisible Cities na Italo Calvino cikin abubuwan da suka yi masa tasiri, kuma wanda ya zaɓi yin magana a dunƙule bai kamata ya yi fushi don an fahimce shi a karkace ba. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta nan Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Yau shekara casa'in da ɗoriya, yaro na karanta shi don dariyar abin da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, malamin jami'a na karanta shi don wani abu daban, kuma babu wanda ya yi wa littafin laifi. Dariyar Soulja Boy karatu ce, ko da ta shafin farko ce. A 2024 Blow ya sake fitar da wasan da sababbin hotuna da sharhin baki na sama da awa 15, ya kuma faɗa da bakinsa cewa bai yi kasuwa ba. Ban yi mamaki ba. Tatsuniyar da sai an bi ta da awa 15 na bayani, ko dai masu sauraro sun riga sun gane tuntuni, ko kuma sun tafi.

To amma abin da ya hana ni barci shi ne matakin ƙarshe. Tim ya ga gimbiyar a hannun wani ƙaton barde, ta kuɓuce tana neman taimako. Tana gudu a sama, shi yana gudu a ƙarƙashin ƙasa, wuta na bin su a baya. Tana ja masa madatsai tana buɗe masa hanya, shi ma yana buɗe mata, har ta isa ɗakinta ta kwanta, shi kuma ya iso bakin taga. Daga nan komai ya tsaya. Babu abin da ya rage sai ka danna madannin nan da ka saba dannawa tun farkon wasa. Kana dannawa sai ka gane ashe duk abin da ka gani a juye yake, yanzu ne kake ganin yadda ya faru. Ta farka ta gan shi a taga, ta zabura da gudu. Madatsan nan ba buɗe masa take yi ba, rufe masa take yi, tarko take ɗana masa. Barden nan kuwa, wurinsa ta nufa, shi ya cece ta. Dodon da aka ce ya sace gimbiya, kai ne, kai da ka yi awa shida kana taya shi nemanta. Hotunan nan dai su ne, ba a canza ko ɗaya ba, alƙiblar kallo kawai aka juya.

A daren da suka kai nan, ƙanwar yaron tana tsaye a bakin ƙofar zaure, ta kawo musu ruwa. 'Yar aji biyar ce a sakandare, ba ta taɓa riƙe fad ba, amma littafin Hausa ba ya wuce ta. Samarin suna ta musu, wani na cewa kwamfutar ce ta rikice, wani na cewa yarinyar ta ci amana. Ita kuwa ta ce, "Yaya, ai tun can gudunsa take yi, ku ne ba ku duba ba." Ta ɗauki tirenta ta shige.

Yanzu ka tuna littattafai nawa ka karanta masu irin wannan jarumi. Ta ce ba ta so, ya ce zai koya mata so. Ya tare ta a hanyar Islamiyya, ya samo lambarta ta hannun ƙawarta, ya bi ta bayan fage ya gama da iyayenta, aka ɗaura aure tana kuka. A littafi na uku sai ta gane ashe shi ne masoyin gaskiya, har ta durƙusa tana neman gafara. Naci muke kiran abin, mu yaba, mu ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ba mu cika tambayar dutsen ko yana son a dafa shi ba. Ban ce babu waɗanda suka juya kallon ba, Balaraba Ramat Yakubu ta tsaya a inda Rabi take tsaye cikin Alhaki Kuykuyo Ne tun 1990, kuma akwai marubuta mata da yawa da suka biyo ta. Sai dai har gobe jarumi mai naci shi ne ke da kasuwa, kuma yawancin masu rubuta shi da masu sayensa mata ne, abin da ya fi ɗaure mini kai ke nan.

Masu wasan a Turai da Amurka da yawansu sun kama wata fassarar. A rubutun rufewa akwai ishara ga gwajin bam ɗin nukiliya na farko da aka yi a hamadar New Mexico a Yulin 1945, sai suka ce gimbiyar ba mace ba ce, bam ce, Tim kuma masanin kimiyya ne da ya nace sai ya gano abin da bai kamata ba. Suna da hujja, don akwai taurari takwas da aka ɓoye, in ka samo bakwai matakin ƙarshe yana canzawa, Tim ya iya taɓa gimbiyar, yana taɓa ta sai haske ya tashi kamar fashewa. Ban ƙi ba. Amma na lura da irin saurin da maza suke yi su rungumi wannan fassarar. Ya fi sauƙi a ce labarin na bam ne da kimiyya da tarihi, a kan a ce na saurayin da aka ce wa a'a ne ya ƙi ji. Da na ba yaran zaurenmu labarin bam ɗin sai na ga fuskokinsu sun saki, wanda ya ce ta ci amana har da cewa ai dama ya san akwai wani abu.

Tun ranar suka koma farautar taurarin. Akwai guda a duniya ta 2 da ba dabara ake nema ba, jira ne kawai: wani gajimare ne yake rarrafowa daga can ƙarshen mataki, sai ka yi kusan awa biyu kana zaune kafin ya iso inda za ka hau shi. Sau uku suna gwadawa. Na farko NEPA ta ɗauke wuta da saura kaɗan, batirin ya bi ta. Na biyu wani ya taɓa abin da bai kamata ba suka fita daga matakin. Jiya sun haɗa kuɗin lita guda na fetur sun aro janaretan maƙwabci, na bar su wajen ƙarfe goma sha ɗaya, su biyar sun zuba wa gajimare ido, ƙanwarsu kuma tana tsakar gida a kan tabarma da wayar mamanta, ta kai shafi na 40 a sabon littafi.