Sadaka Muke Ba Su, Aiki Fa?

Jama'a, mu daina yaudarar kanmu. Duk Juma'a attajiranmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba sukan tsaya ƙofar masallaci suna raba wa guragu da makafi 'yan canji. Amma bari gurgu ya je shagon ɗayansu ran Litinin ya ce aiki yake nema, tun kafin ya rufe baki sai a ce masa "Allah ya ba mu haƙuri", kamar bara ya zo yi.

Sannan mu ne masu kuka wai a Kudu ana yi wa Bahaushe kallon mabaraci. To, wa ya rufe musu ƙofa har suka koma titi?

Wanda bai sani ba ya sani, wannan laifi ne a doka. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya. Mutum ɗaya in ya karya ta, tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Kamfani kuwa naira miliyan 1. Ta kuma wajabta wa ma'aikatun gwamnati ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Jihar Legas ma tana da tata dokar tun 2011, da ofishin LASODA mai kula da lamuransu.

Bar ma batun doka, mu yi lissafin kasuwa. Wanda shan inna ya taɓa, ƙafa ce ta samu matsala, hannu da ƙwaƙwalwa lafiya lau. Me zai hana shi gyaran waya, ko riƙe POS, ko rubuta kayan da suka shigo sito? Yaranmu 'yan ci-rani da damina ta faɗi sai gida noma, a bar maigida yana neman sabon yaro. Wanda ya sha wuya kafin ya samu wuri kuwa, ba ya sakinsa da wasa.

Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ladanin Manzon Allah (SAW) ne, har yakan bar masa riƙon Madina idan zai yi tafiya. Mu ko makullin shago muna ƙyashin ba su.

Muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su rubuta sunayen naƙasassun unguwanninmu da sana'ar kowa, a miƙa wa masu shaguna. Wanda kuma aka kora saboda naƙasa, ya kawo ƙara ƙungiya, mu raka shi LASODA.