Mo Cowan: Lauyan da ya zama sanata ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ba

A watan Janairun 2013, yayin da John Kerry ke shirin barin Majalisar Dattawan Amurka domin zama sakataren harkokin waje, gwamnan jihar Massachusetts, Deval Patrick, ya naɗa William "Mo" Cowan ya riƙe kujerar har a yi zaɓen cike gurbi. Cowan bai taɓa tsayawa takara ba.

An haife shi a 1969 a garin Yadkinville da ke North Carolina. Ya yi digiri a Jami'ar Duke, ya karanta shari'a a Jami'ar Northeastern da ke Boston, sannan ya yi aiki a kamfanin lauyoyi na Mintz Levin. A 2009 ya zama babban mai ba Patrick shawara kan shari'a, daga baya kuma shugaban ma'aikatan ofishinsa. Wato gwamna na hannun damansa ya ɗauko, duk da cewa Barney Frank, wanda ya shafe fiye da shekara 30 a Majalisar Wakilai, ya fito fili ya nemi kujerar.

Naɗin ya kafa tarihi: karon farko ke nan da baƙaƙen fata biyu, shi da Tim Scott, suka zauna a majalisar lokaci guda, kuma dukkansu gwamnoni ne suka naɗa su.

Riƙon ƙwaryar bai rage nauyin ƙuri'arsa ba. Ya goyi bayan tsaurara binciken masu sayen bindiga, yunƙurin da ya faɗi a watan Afrilu, da ƙudurin gyaran dokar shige da fice da ya tsallake majalisar a watan Yuni. A Yuli ya sauka, Ed Markey da ya ci zaɓe ya karɓa.

Dokar da ta kawo shi ma siyasa ce ta haife ta. A 2004 'yan Demokrat a majalisar jihar sun ƙwace ikon naɗi daga gwamna Mitt Romney, ɗan Rifablikan. A 2009, bayan rasuwar Ted Kennedy, suka maido da naɗin wucin gadi, lokacin da gwamnan nasu ne.

Masu kare tsarin na cewa bai dace jiha ta yi watanni da sanata ɗaya ba, hujja ce mai ƙarfi. Sai dai dokar da ke sauyawa duk lokacin da gwamna ya sauya, jam'iyya take yi wa hidima kafin masu zaɓe. Cowan ya sauka ba tare da neman kujerar ba, amma kundin tsarin mulki bai hana shi nema ba.