Mun Ci 2 da 1, Amma Alƙali Ne Ya Ci Mana

Na san wannan rubutu zai ɓata ran wasu, musamman ƴan makarantarmu, domin zan tona abin da muka rufe tun bara. To, ku yi haƙuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bara, a gasar balo ta makarantu, mun kara da wani kwaleji na garin da ke maƙwabtaka da mu, gida da waje. Ba zan faɗi sunan kwalejin ba, ba zan faɗi namu ba, don abin da ya faru yana iya faruwa a ko'ina daga Gazawa zuwa Agye har Gidan Rumji. A gidansu sun ci mu 1 da nema. Wanda ya riƙe usur ran nan mushen wasanninsu ne. Ya ba su fenariti a kan wata faɗuwa da ko akuya ba za ta yarda da ita ba. Muka dawo muna zagi tun daga fili har tasha.

Mako biyu bayan haka suka zo gidanmu. Wa muka ba usur? Wani yayanmu na unguwa, tsohon ɗan makarantarmu, wanda kullum da dare muke shan shayi a fadarsa. Ni kuma aka ce in riƙe tuta a gefen fili. Tutar ma reshen bedi ce. Ana 1 da 1 lokaci ya cika, kowa ya san ya cika, masu waya suna ta nuna masa agogo. Bai hura ba. Aka yi ta wasa har rana ta yi ja. Can sai aka turo wa ɗan gabanmu ƙwallo yana tsaye shi kaɗai bayan masu tsaron bayansu, tazarar ta kai taku uku. Satar gida ce tsirara, a gaban idona. Hannuna ya motsa, sai na tuna da fenaritin da aka yi mana, na tuna kuma mutanen da ke bayana duk ƴan unguwarmu ne. Na bar reshen a ƙasa. Ya buga ta shiga, kafin a mayar da ƙwallo tsakiya alƙali ya tashi wasa.

Mun yi murna, an ɗaga ni sama ni ma. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Kyaftin ɗinsu, yaro ne da bai kai ni tsawo ba, ya zo ya tsaya gabana yana haki, ya ce: "Kai, tsakaninka da Allah ba ka gani ba?" Ban ba shi amsa ba. Da motarsu ta tashi, ƙananan yara suka bi ta da jifa. A takarda an rubuta 2 da 1. Takardar ba ta faɗi cewa an ƙara minti goma sha ba, ba ta faɗi cewa mai tuta ya sayar da idonsa a banza ba.

Ga maganata a taƙaice: yawancin sakamakon wasanninmu na makarantu ba sa gaya mana wa ya fi iya balo. Suna gaya mana a gidan wa aka yi wasan. Kuma kafin mu nuna wa manya yatsa, mu tuna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Cuta ta farko ita ce alƙalin gida. A wace shari'a aka taɓa cewa mai ƙara shi zai kawo alƙali daga ɗakinsa? Mushen wasanni shi ya zaɓi yaran, shi ya koya musu, gobe da safe shi zai haɗu da dirakta a bakin ofis. Sai ka ba shi usur ka ce ya yi adalci. Ko da mutumin kirki ne, ka sa shi cikin tsaka mai wuya. In ya busa wa baƙi, a ce maci amana ne. In ya busa wa gida, baƙi su ce ɓarawo ne, ko da gaskiya ya busa. Akwai malamai masu tsoron Allah da suka hura wa makarantarsu fenariti a gaban jama'arsu, na sani, kuma ina jinjina musu. Amma tsari ba ya tsayuwa a kan fatan kullum za a dace da waliyyi.

Cuta ta biyu ita ce ƙattan haya. Duk mun san su. Ran wasa sai ka ga wani mai gemu da aka aske da safe, sanye da rigar makaranta da ta matse shi, an ce ɗan aji uku ne. Jiya shi ya ɗauke ka a kabu-kabu. Babu wanda ya taɓa ganinsa da littafi. Yaron da ya yi wata biyu yana zuwa horo bayan an tashi lakwal, yana zaune a ƙasa yana riƙe da jarkar ruwa. Alƙalin gida ba zai tambayi katin ɗalibi ba, domin in ya tambayi na baƙi, za a tambayi na gida.

Kada wani ya ce mini wannan ƙaramin abu ne. A 2009, a gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Aljeriya, ƴan wasan Nijar sun kai matakin kusa da ƙarshe, wanda ke ba da tikitin gasar duniya. Sai aka kore su saboda ɗan wasa da ya wuce shekaru, Malawi ta ɗauki gurbinmu ta tafi gasar duniya a Najeriya. Ku tuna da sauran yaran da suka zubar da gumi, laifin da ba nasu ba ya cinye musu mafarki. A shekarar ne kuma FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekarun ƴan wasa. Kuna tsammani wannan ɗabi'a daga sama ta faɗo? Daga filayen ƙasa irin namu ta tashi.

Cuta ta uku mu ne, ƴan kallo. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Filinmu babu shinge, babu layin farar ƙasa, wani lokaci raga ma babu, itace biyu ne da igiya a sama. Muna tsaye har cikin fili, wasu da sanduna. Alƙali ya busa abin da ba mu so, sai a fara zagin uwarsa da ubansa. Wane mai hankali ne zai baro gidansa ya zo ya sha zagi da jifa a kan kuɗin da bai kai na shinkafa da wake ba? Mun kori masu gaskiya da bakinmu, sannan muna kukan babu alƙalan kirki.

Abin dariya kuma, yawancinmu ba mu san dokar da muke ihu a kanta ba. Dokokin ƙwallon ƙafa 17 ne kacal. Mu nawa muka taɓa karanta ko da ɗaya? Doka ta 11 ta ce ana duba satar gida ne a lokacin da aka bugo ƙwallo, ba lokacin da ta iso ba. Wanda yake daidai da mai tsaron baya bai yi sata ba. Babu satar gida a jifa, babu a kwana, babu a bugun gola daga gida. Amma sau nawa muka tayar da ƙura a kan jifa? Doka ta 5 kuma ta ce hukuncin alƙali a kan abin da ya faru a fili shi ne na ƙarshe. Wannan iko ne babba, shi ya sa bai kamata a miƙa shi ga duk wanda ya zo da usur a aljihu ba.

Na san amsoshin da za a ba ni. Ta farko: "Wasa ne fa, mene ne na ɗaga jijiya?" In wasa ne, me ya sa ake jifar mota? Fili ma aji ne. Yaron da ya koya yana ɗan shekara 14 cewa ana cin wasa ta hanyar sanin alƙali, shi ne zai nemi sanin mai gadin jarrabawa ran BEPC, shi ne gobe zai zauna a ofis ya ce sai an ga hannunka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma mun ga inda hanyar take kaiwa. Ibrahim Chaibou ɗan ƙasarmu ne, ya kai matsayin alƙalin FIFA. Shi ya hura wasan sada zumunci da Najeriya ta ci Ajantina 4 da 1 a Abuja a watan Yuni na 2011, inda ya zarce lokacin da aka ƙara har ya ba da fenariti mai cike da shakku a ƙarshe, aka kuma ga kuɗin ƴan caca sun yi wani irin motsi. A watan Janairu na 2019 FIFA ta same shi da laifin karɓar rashawa, ta haramta masa harkar ƙwallo har abada, da tarar kuɗin Suwizalan 200,000, wato sama da miliyan 100 na sefa. Da na karanta labarin ƙarin lokacin nan, wallahi filinmu na tuna.

Ta biyu: "Ai su suka fara." Haka na gaya wa kaina lokacin da na ƙi ɗaga reshe. Su ma in ka tambaye su, za su kawo maka abin da muka yi musu shekarar da ta wuce. Bana kuma suna jiran mu. Ramuwar nan ba ta da ranar ƙarewa sai wani ya ce ya isa.

Ta uku: "Babu kuɗi." Wannan ce ta fi ba ni haushi. Akwai kuɗin kiɗa da lasifika ran wasan ƙarshe. Akwai kuɗin hayar kujeru da rumfa don manyan baƙi da za su iso a makare. Akwai kuɗin sallamar ƙattan haya. Kuɗin motar alƙali ne kawai babu? Garuruwanmu a jere suke a kan kwalta ɗaya, motoci suna wucewa safe da yamma.

Akwai wani wasa da ake kira zari-ruga, wanda ƙwallonsa ke kama da ƙwai, mutum 15 a kowane ɓangare. Sunansa na Turanci ya samo asali ne daga wata makaranta a garin Rugby na Ingila, wato ƴan makaranta irinmu ne suka fara shi. Ƙatti ne ke yin sa, ana kayar da mutum da ƙarfin tsiya, amma al'adarsu ita ce kyaftin ne ke magana da alƙali. Wanda ya yi gardama bayan an busa, a matsar da bugun mita 10 zuwa gidansu. Ba ina cewa su mala'iku ba ne. Bayan wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2023 a Faransa, wanda Afirka ta Kudu ta ci, alƙalin wasan Wayne Barnes ya sha barazanar kisa a intanet. Amma a cikin fili dokar tana aiki, har masu ƙwallon ƙafa suka ara: a gasar Turai ta 2024 a Jamus an ce kyaftin kaɗai zai tunkari alƙali, wanda ya kutso a ba shi katin gargaɗi. Wannan doka ba ta cin ko dala.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ina roƙon wakilanmu na USN su kai shi gaban diraktoci da kwamitin COGES kafin a buɗe gasar bana.

Ɗaya, kada makarantar da ke wasa ta ba da alƙali ko mai tuta. A ɗauko daga makaranta ta uku. In wasan a Agye ne, ga malamai a Cadawa. In a Gazawa ne, ga Gangara. In a Gidan Rumji ne, ga Tsibiri da Cadakori. Makarantun biyu su raba kuɗin motarsa, a ba shi kafin wasa a gaban kowa.

Biyu, kowace makaranta ta miƙa sunayen ƴan wasanta tun farkon gasa, da sa hannun dirakta. Ran wasa kyaftin biyu su duba katin ɗalibi ɗaya bayan ɗaya. Ba kati, ba wasa.

Uku, a faɗi tsawon wasa tun kafin a take, a kuma samu mai agogo daga kowane ɓangare su zauna wuri ɗaya. Bayan wasa alƙali da kyaftin biyu su sa hannu a takardar sakamako, mai ƙorafi ya rubuta a bayanta.

Huɗu, kyaftin kaɗai ke magana da alƙali. Makarantar da ƴan kallonta suka shiga fili ko suka yi jifa, wasanta na gaba ta yi shi a waje.

Biyar, a roƙi alƙalan FENIFOOT na Maraɗi su ba ɗalibai horo lokacin hutu, maza da mata, ko mutum biyu daga kowane kwaleji da lise. Ba kowa zai buga wa Mena ba, amma wani cikinmu yana iya zama alƙalin da za a yi alfahari da shi.

Wasu za su ce na ci amanar makarantarmu. Ni a ganina ran da na ƙi ɗaga reshen nan ne na ci amanarta, domin na sa ta yi murna da abin da ba nata ba. A fagen kokowa na Maraɗi mai sunan Yakuba Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, ana girmama wanda ya kayar ne saboda kowa ya ga bayan abokin karawarsa a ƙasa. Nasarar da sai an ɓoye yadda aka same ta ba ta da daɗin ba da labari.

Kai kuma kyaftin, in wannan ɗan littafi ya iso hannunka, ga amsar tambayarka, ko da ta makara da shekara guda: na gani. Satar gida ce. Wasan nan 1 da 1 ya tashi. Ka yafe mini.