Ruwa ba ya tsami banza: Darasin ambaliyar ƙasar Aisland

A cikin kalmomin da masana kimiyyar ƙasa suke amfani da su ko'ina a duniya akwai wata mai wuyar faɗa, wato jökulhlaup. Daga harshen mutanen Aisland aka aro ta, tsibirin da ke can arewacin tekun Atlantika, wanda jama'arsa ba su kai dubu 400 ba. Kalmomi biyu ne aka haɗa: jökull, wato tudun ƙanƙara, da hlaup, wato gudu. A nazarin harshe mun san cewa al'umma ba ta raɗa wa abu suna sai ya dame ta. Wannan gudu na ƙanƙara kuwa ya daɗe yana damun mutanen Aisland, kuma yadda suka koyi zama da shi ne nake son mai karatu ya duba tare da ni.

Kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar yana ƙarƙashin wani bargon ƙanƙara guda ɗaya mai suna Vatnajökull, wanda kaurinsa ya kai ɗaruruwan mita. A ƙarƙashinsa kuma akwai duwatsu masu aman wuta. Ko da ba sa aman, zafin cikin ƙasa yana narkar da ƙanƙarar daga gindi, dare da rana, ruwan yana taruwa a wani tafki da ido ba ya gani mai suna Grímsvötn. Ƙanƙarar da ta kewaye shi ita ce madatsarsa. Da yake ƙanƙara ta fi ruwa rashin nauyi, idan tafkin ya cika sai ruwan ya ɗaga ta ko ya huda hanya a ƙarƙashinta, yana gudu yana ƙara faɗaɗa hanyar, har ya ɓullo a fili bayan tafiyar kilomita 50.

Ranar 30 ga Satumba, 1996, wuta ta ɓarke a arewacin tafkin, a wurin da daga baya aka kira Gjálp, ta yi kusan mako biyu tana narkar da ƙanƙara. Ruwa fiye da kubik kilomita 3 ya kwarara cikin Grímsvötn. Masana suka shaida wa hukuma cewa ambaliya tana tafe. Mako ya wuce, biyu suka wuce, shiru. Sai ranar 5 ga Nuwamba ruwan ya ɓalle, cikin sa'o'i kaɗan ya kai wajen kubik mita 50,000 a kowace daƙiƙa, wato ya zarce abin da kogin Kwango ya saba zubarwa. Ya kwaso curin ƙanƙara masu girman gidaje, ya share gadar Gígjukvísl, ya karya wani sashe na gadar Skeiðará, ya yanke babbar hanyar da ta kewaye ƙasar. Amma ko rai ɗaya bai salwanta ba.

Wani zai ce ai yankin fili ne na yashi, babu gari a cikinsa. Wannan gaskiya ne. To amma me ya sa babu gari? Saboda kakanninsu sun ga abin da ruwan yake yi, sun rubuta, jikoki kuma ba su yi gardama ba. Hanyar mota da ta ratsa filin kuwa matafiya suna bin ta kullum, sai dai hukuma ta sa ido a kanta tsawon makonnin nan, ta kuma rufe ta a kan lokaci. Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin da aka yi. Gargaɗin da ya yi wata guda bai tabbata ba, a wurare da yawa dariya zai jawo, a ce masana sun cika tsoro.

Wannan amana tsakanin masani da jama'a ba a rana ɗaya aka gina ta ba. Masana irin su Helgi Björnsson sun shafe shekaru suna auna kaurin ƙanƙarar da zurfin tafkin. Hukumar kula da yanayi ta ƙasar tana da na'urori a koguna, masu lura da hawan ruwa da yawan ma'adinan da suka narke a cikinsa. Manomin da ke gefen kogin Skaftá shi ma ya san cewa idan ruwa ya fara warin farar wuta, kamar ɓaragurbi, to lokacin kwashe dabbobi ya yi. Kuma duk sanarwar da za a yi, da harshen da ya tashi da shi ake yin ta. Don haka a 2010, da dutsen Eyjafjallajökull ya yi aman wuta, aka kwashe mutane kimanin 800 cikin sa'o'i kaɗan.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da ruwan da aka tare a bayan bango, kuma ɗabi'ar irin wannan ruwa ɗaya ce ko'ina. Madatsar Alau ta yi ambaliya a 1994, ta kuma ɓalle a Satumban 2024 ta shafe unguwannin Maiduguri. Tambayar da ta kamata injiniyoyinmu da 'yan majalisarmu su riƙa yi game da kowace madatsa ita ce: wa yake auna ta yau, wa yake karanta awon, kuma da wane harshe labarin zai isa ga mai kwana a bakin kogi? Kuɗin awo a shekarar da babu abin da ya faru yakan yi kama da asara, alhali shi ne kuɗin da ya fi kowane amfani.

A gefen hanya kusa da Skaftafell, mutanen Aisland sun ajiye murɗaɗɗun ƙarafunan gadar da ruwan 1996 ya karya, don kada na baya su manta. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu kunnen ji, Ya ba shugabanninmu ikon aiki da abin da suka ji.